Damaris Likitar Kwaɗi

A Kafanchan, idan yaro ya zo na ɗaya a aji sau biyu a jere, ba ya bukatar ya wahalar da kansa da tunanin abin da zai zama, unguwa ce za ta yi masa wannan aikin kyauta. Haka aka yi wa Damaris, 'yar Baba Yafet na layin 'yan reluwe. Tun tana firamare aka gama shawara cewa likita za ta zama, har wasu matan unguwa suka fara ajiye mata ciwon bayansu.

Baba Yafet ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya yi aikin sauya layi a tasha tun lokacin da jirage ke zuwa, ya kuma ci gaba da zuwa aiki da guga a rigarsa bayan sun daina zuwa. Matarsa, Mama Afiniki, mutuniyar Kwoi ce, tana da gonar citta a can, wadda ita ce ke ciyar da gidan, ko da yake ba a faɗin haka a gaban Baba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidan na tashi. Don haka wani abin na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin matan zumuntar coci, wanda a wurinmu ya fi gani da ido ƙarfi.

Tun tana ƙarama, in an aike ta wanki rafi, sai ta dawo da kayan a jiƙe, rabinsu da sauran sabulu, da gwangwanin madara cike da 'ya'yan kwaɗi. Mama ta ce wannan alamar likita ce, domin likita ba ya ƙyama. Da ta shiga jami'a a Jos aka ba ta ilimin dabbobi, sai dangi suka yi wa juna bayani cewa wata ƙofar baya ce ta shiga likitanci. Babu wanda ya tambaye ta. Ta gama, ta samu tallafin karatu a ƙasar waje, ta ɗauki shekaru, sai labari ya iso cewa 'yar Baba Yafet ta zama Dakta.

An yi sujadar godiya a cocinmu. Bayan an tashi aka jera kujerun roba a ƙofar gida, aka dafa shinkafa, aka yanka akuya. Kafin Damaris ta kai cokali baki wata tsohuwa ta riga ta ɗage zane tana nuna mata gwiwa, wani kuma yana jiran layi da takardar maganin hawan jini. Ta yi musu bayani cikin ladabi cewa ita ba irin wannan Dakta ba ce. Sai Dattijo Wilfred, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya, ya gyara zama.

"To 'yata, me kika je kika karanto?"

Ta ce tana nazarin yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, yadda iri ɗaya ke rabuwa ya zama biyu idan dutse ko kogi ya raba su suka daɗe ba su haɗu ba.

"Wato ku ne masu cewa kakanmu biri ne."

Da wani mai wayo ne, da ya yi dariya ya miƙa masa nama. Amma Damaris an rene ta a kan faɗin gaskiya, kuma babu wanda ya gaya mata cewa ba kullum ake nufin haka ba.

"A'a Baba, biri ba kakanmu ba ne. Mu da shi dai tushenmu ɗaya, kamar dangi na nesa."

Dattijo Wilfred ya ce ya gode da gyara. Ya ce da can yana zaton biri kaka ne da ya riga ya mutu aka huta, ashe ɗan'uwa ne mai rai wanda zai iya zuwa cin Kirsimeti. Kafin a kwashe kujeru sunan ya riga ya kama ta: likitar kwaɗi.

Wasu sun zaci za ta daina zuwa coci, har sun shirya baƙin cikinsu. Ta ba su kunya. Duk Lahadin da take gari tana nan cikin mawaƙa a layi na biyu. Sau da yawa mai wa'azi yakan yi magana a kan ilimin da ke kumbura kai yana kallon silin, jama'a kuma suna taya shi kallon inda ya kamata. Na taɓa tambayarta ko abin yana damunta. Ta ce yana damunta mana, amma ita ba ta ga dalilin da zai sa ta bar wa kowa kujerarta ba.

Ta samu aikin koyarwa a jami'a, tana kuma aiki da wata ƙungiyar kare dazuzzuka. Duk damina sai ta ɗauki takalman roba da na'urar ɗaukar sauti ta hau duwatsun Kagoro. A can, a wani ƙaramin rafi da ke gudu a ƙarƙashin manyan itatuwa, akwai wani kwaɗo mai launin ƙasa wanda bai wuce kan babban yatsa ba. Ni da na raka ta sau ɗaya ban ga abin da ya raba shi da kowane kwaɗo ba. Ita kuwa ta ce kukansa daban ne. Ta yi shekaru tana ɗaukar kukan bayan ruwan yamma, tana auna ƙafafu, tana aika ɗan abin da ta tsakura daga jikinsu ɗakin gwaji. A ƙarshe ta nuna cewa wannan kwaɗon ya rabu da 'yan'uwansa na tsaunukan Jos tun zamanin da ba a san lissafinsa ba, ya zama iri mai zaman kansa, kuma ba a san shi a ko'ina ba sai a wannan rafin. Masana a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba suka yi ta aiko mata da barka. A gida aka tambaye ta ko ana cin sa.

Wanda ya gano sabuwar halitta shi ke raɗa mata suna. Damaris ta sa wa kwaɗon sunan mahaifinta. Ta kawo masa hoton a firem. Baba Yafet ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce sa'o'inta suna saya wa iyayensu mota.

"Yana cizo?"

"A'a, Baba."

"Yana da amfani?"

"Yana cin sauro da ƙwari."

"To, ya fi wasu masu sunan."

Ya rataye hoton a falo kusa da takardar ritayarsa, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarin ko bai tambaya ba.

Matsalar ita ce kwaɗon ba ya rayuwa sai a inuwa, inuwa kuma a buhu ake sayar da ita yanzu. Masu gawayi suna cin dajin daga ƙasa, masu katako suna ci daga sama. Damaris ba ta ga laifin matan da ke ƙona gawayi ba, ta san abin da ke jiransu a gida. Ta nemi a bar gefen rafin kawai. Ta rubuta takardu, ta bi ofisoshi, ta zauna a benci tana jiran manya waɗanda kullum yanzun nan suka fita. A ƙarshe aka tausaya wa dajin, aka shirya masa taron bita a otal. An buga riguna da huluna masu hoton itace, an ci kaji, an kafa kwamiti. Shugaban kwamitin ya yi jawabi mai taɓa zuciya a kan amanar da jikoki suka ba mu. Kowa a ɗakin ya san motocin da ke fita da gawayi nasa ne, shi ya sa ma aka zaɓe shi, tunda ya fi kowa sanin dajin. Aka fita waje aka dasa itatuwa a gaban kyamara. Awakin unguwar sun yi godiya ƙwarai.

Abin da takardunta suka kasa yi, masu garkuwa da mutane ne suka yi shi. Da aka fara ɗauke mutane a hanyoyin daji, sai masu zarto suka gano cewa itace ma halittar Allah ne, suka bar shi ya huta. Daji ya fara murmurewa. Sai dai ita ma Damaris ba ta iya shiga. Ƙungiyarsu ta hana, Mama ta yi kuka, ita ma kanta ta ji tsoro, ba ta ɓoye ba. Ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san ko kwaɗon yana nan ko ba ya nan ba, kuma babu wanda za ta tambaya.

Tunda dutse ya gagara, sai ta juya ga abin da ke kusa. A wani taron manoman citta a Kwoi ta nemi a ba ta dama ta yi magana. Ta ce citta ba daga ƙwaya ake shuka ta ba, gutsurenta ake binnewa, don haka gonar mutum kaf kamar jiki ɗaya ce da aka yayyanka. Duk ƙasar kusan iri biyu ake nomawa, tafin giwa da yatsun biri. Ranar da wata cuta ta koyi kashe tushe ɗaya, ta koyi kashe na kowa. Ta roƙi a nemo wasu ire-iren a riƙa gwadawa, a kuma daina maimaita citta a fili ɗaya kowace shekara. Shugaban taron ya gode mata, ya tambaya ko ta zo musu da taki. Wani daga baya ya ce ai dole ta damu da yatsun biri, zumunci ne.

A daminar 2023 ganyen citta ya fara yin rawaya. Kafin a ankara, in ka tona sai ruɓa da wari. Gona bayan gona, gari bayan gari. Gine-gine suka tsaya a linta, aka ɗaga bukukuwan aure, yara suka dawo daga makarantun kwana. Mutane suka kasu biyu a kan Damaris. Wasu suka ce bakinta ne ya kira cutar. Sauran suka cika ƙofar gidan Mama na Kwoi suna neman magani, tunda ita ta san da zuwanta. Ta ce ba ta da magani. Suka koma suna cewa sun sani dama.

Abin da ta yi shi ne ta hau babur ta bi gonakin da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A wasu, a tsakiyar ruɓar, akan samu tushe ɗaya ko biyu da suka tsaya kore. Ta roƙi masu gona su bar mata su. Suka ba ta da murna, suna kallonta da tausayi. Ta ce wataƙila sa'a ce kawai ta tsirar da su, wataƙila kuma akwai wani ɗan bambanci a jikinsu, ba za a sani ba sai an shuka an gani. Ta shuka su a bayan gidan Mama a Kwoi, layi-layi, kowane layi da turke mai sunan garin da aka samo shi.

A shekarar da ta biyo baya citta ta yi tsadar da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Damaris tana can jami'a tana fama da jarrabawar ɗalibai. Da ta dawo ta zagaya bayan gida, ta tarar da turaku a tsaye, rabin layukan kuma ramuka.

"Mama, ina cittar layin gindin mangwaro?"

"Na kai ta kasuwa."

"Mama, gwaji ne fa."

"Ni ma gwadawa na yi. An saya."

Damaris ta zauna a kan dutsen niƙa. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Mama ta tsaya da hannu a ƙugu tana bayani cewa buhun shinkafa bai san bincike ba, kuma maganin Baba ba da turke ake saye ba. Gaskiya ta faɗa, ita ma Damaris ta sani, shi ya sa babu wanda za a yi wa faɗa. Can jikin Mama ya yi sanyi. Ta ce ai ta san fuskokin waɗanda suka saya, kuma yawancinsu iri suke nema ba na miya ba.

Haka uwa da 'ya suka shiga bin sawun citta. Wata ta riga ta ƙare a zoɓo da farfesu, Allah ya ji ƙanta. Wata an shuka ta a Gwantu, ta ruɓe kamar sauran. Amma wadda wani manomi ya kai wajen Zangon Kataf ta fita damina lafiya, alhali gonar maƙwabcinsa ta kwanta. Gari ya ɗauka nan take cewa Damaris ta gano maganin cutar citta. Ita kuwa duk wanda ya tare ta da barka sai ta ɓata masa rai da cewa damina ɗaya ba hujja ba ce, sai an ƙara gani. Mutane suna cewa rowa ce, ba ta son a samu irin.

Yanzu haka tana nan tsakanin aji da gonaki, ta yi baƙi, ta rame, takalman robarta suna ɗaure a bayan babur. Abin da ya rage a bayan gidan Mama ta kewaye shi da waya, ta sa ƙofa da kwaɗon ƙarfe, makullin yana jakarta. Mama Afiniki ta kai ƙara zumuntar mata cewa 'yar da ta haifa ta kulle ta daga gonarta, an kuma sa maganar a cikin addu'o'in mako.