Da Jawabi Za Su Shuka?

Na tsani mai motar sanyi ya zo yana koya mini damina. Shekarar da shuka ta ƙone mana a Tanda, 'yan siyasa biyu suka zo filin lakwal, makarantar bokon garinmu, aka kafa musu rumfa, mu muna rana. Ɗaya ya ce hayaƙin Turawa ne ya kore ruwa. Ɗayan ya ce ƙarya ne, zunubin samari ne. Suka yi ta cacar baki, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa matasa su koma gona. Nasu 'ya'yan kuwa suna Yamai, ba su san nauyin hauya ba.

Ɗana na fari yana gefena. Shi ya binne gero a busasshiyar ƙasa, yayyafi ya tsirar da shi, rana ta cinye. Ya sake, ta sake. Irinmu ya ƙare.

Na ɗaga hannu kamar yadda aka koya mana a karatun manya. Na ce, "Alhaji, iri babu. Da jawabi za su shuka?" Aka yi dariya, mai zagayawa da mikoro, abin ɗaga murya, ya wuce ni.

A hanya ɗana ya ce, "Inna, gadar iyaka zan haye, in yi kabu-kabu a Malanbil."

Na ce, "Kai dai jira ni in dawo, sarkin gaggawa."

Da safe na kwance akuyata, na ja ta zuwa Bengu wurin yayana, in musanya ta da irin gero mai saurin nuna.