Layar da Yaya ta rataya shekara uku

Ana sallame asuba muka bar Gazawa, ni da maƙwabciyata malamar lakol, wato makarantar boko. Ku da kuka san ni kun san ko kasuwa sai an ja ni. Amma Yayata ta Cadakori ta rasa ɗanta a Aljeriya bara, kuma akwai wani abu da ya tsaya mini a rai.

Tun yana da rai ya aiko mata da takarda ta hannun wani direba, ba rubutu, sai zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari. Yaya ta ce hatimi ne ya samo mata wajen malaman can, ta kai wa baduku ya ɗinke da fata, ta rataya a wuya. Ranar da na ga irinsa a jikin kwalin magani na ba malama labari, ta ce ba hatimi ba ne, QR ake ce masa, waya ke karanta shi. Ta ce ƙila saƙo ne a ciki, in zufa ba ta cinye shi ba.

Mu tara a taksi, ga buhun aya a kan ƙafata. A Agye muka sayi ƙosai, an ƙanƙanta shi kamar ƙwayar magani, kuɗin kuwa na nan yadda yake. Daga Maradi muka sake mota, muka bi ta Tibiri, gero ya kai ƙugu dama da hagu. Kabu-kabu ne ya ƙarasa da mu, ina riƙe da rigar mai babur ina salati.

Yaya ta rame. Sai da muka sha fura na kawo maganar. Ta dafe layar ta ce, "In an buɗe, tsarin ya tashi." Na ce, "Yaya, in muryarsa ce fa?" Da safe na tarar ta yafa mayafi tana jiranmu.

Rezon waya bai kai unguwarsu ba, sai muka nufi Gidan Rumji. Wani baduku a bakin kasuwa ya farke ɗinkin a hankali. Takardar ta yi ja, ninkin ya ci tsakiyarta. Waya ta ƙi karantawa har sau uku. Malama ta shimfiɗa ta a kan faranti, ta ɗauki hoto, ta tura wani shafin intanet mai karanta irin wannan daga hoto. Muna tsaye, abin yana ta juyawa.

Sai ga murya: "Inna, ni ne. Ki bar ɗaukar icce da kanki. Ina cin abinci, kada ki damu."

Yaya ta zauna a ƙasa cikin kasuwa. Ta ce, "Ka ji shi, kullum da faɗa." Sau biyar aka maimaita mata. Baduku ya ƙi karɓar ko dala.

Malama ta adana muryar, ta haɗa sabon zane a shafin nan, aka buga mana uku, ɗaya na matarsa.

Bayan kwana biyu na dawo gida, ƙafafuna a kumbure. Abin da na koyo, kada kunyar tambaya ta hana ni nuna wa mai ilimi abin da ban gane ba. Shekara biyu ɗan Yaya yana raye yana jiran amsarta, maganar tana nan rataye a ƙirjinta.