Garin da Ke Bayan Ƙofa

Shekara goma sha tara muka yi da Apollonia Hruby muna wankin zannuwan gado a wani asibitin haihuwa a Vienna. Mace ce mai aiki kamar jaka, ga taurin kai, ga son manya. Likita in ya wuce, har rusunawa take yi da kumfa a hannu. Haushi take ba ni.

Sashe biyu ne a asibitin, na likitoci da na ungozomomi, kowanne da ranar da yake karɓar masu naƙuda. Matan gari kuka suke yi in suka faɗa ranar likitoci, don zazzaɓi na kwashe masu jego a can. Apollonia cewa take jahilci ne. "Mutanen da ke wuni suna feɗe gawa don neman ilmi? Warin hannun nan nasu ai na karatu ne."

Naƙudar 'yarta Zenzi ta tashi ranar ungozomomi. Apollonia ta yi ta bin magatakarda da magiya har ya sauya takardar Zenzi zuwa sashen likitoci.

"Mama, ki bar ni a nan mana," in ji Zenzi.

"Rufe mini baki! Ina wanke wa likitoci kaya, a ce 'yata ta haihu a hannun tsofaffi?"

Ɗaliban likitanci biyar suka duba ta. Daga ɗakin gawa suka fito, suka goge hannu a riga kamar kullum. Ta haihu lafiya. Kwana uku jiki ya ɗau zafi, ciki ya kumbura, a na shida aka fitar da gawarta. Jaririyar ma ta bi ta. Ni na wanke zanen gadon. Apollonia ba ta yi kuka ba, ni ma ban ji komai ba. Mun ga irinsa har mun gaji.

Bayan wata huɗu aka kafa doka: wanda ya taɓa gawa sai ya wanke hannu da ruwan magani kafin ya taɓa mai ciki. Likitoci suka yi ta gunaguni, wai an mai da su ƙazamai. Apollonia aka sa ɗaukar kwanon ruwan maganin. Mutuwa ta ja baya, har aka yi wata guda ba a fitar da kowa ba.

Wata rana da hantsi muna matsar wanki ta ce mini, "Burgi, ruwan nan da me ake haɗa shi?"

"Garin da muke zuba wa zannuwa su yi fari."

"Na buhun bayan ƙofar nan?"

"Shi."

"Yana nan lokacin Zenzi?"

"Yana nan tun kafin a ɗauke mu aiki."

Ta daɗe tana kallon buhun. Sannan ta ce in kama mata bakin zanen, bai gama tsanewa ba.