Rigunan da Yaya Take Ragewa

Yayarmu tela ce, mai ɗan shago a bakin titi: keken ɗinki na ƙafa a jikin taga, yadika jibge a kan kanta, bayi kuma can a ƙarshen lungu. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya sa ko da muka girma ba mai iya musu da ita.

Da gwiwarta ta fara kumbura, nan take muka zama likitoci, muka ce keke ne. Wa zai yi shekara da shekaru yana taka wannan ƙarfen bai ji a jikinsa ba? Muka haɗu muka sayo mata keke mai aiki da lantarki, muna ta jin kanmu. Ciwon ko gezau bai yi ba. Ya sauka idon sawu, ya haura wuyan hannu, ita kuma tana ta afa ƙwayoyin kashe zafi na kemis kamar gyaɗa.

Nakan ga ta ajiye almakashi ana tsakiyar yanka, ta nufi lungu da sauri, ta dawo tana gumi.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Ke dai sa ido ne sana'arki. Basir ne, wa ya rasa shi?"

Ranar da asiri ya tonu, aron riga na je, don tun muna 'yammata kayanmu ɗaya. Rigar ta ƙi wuce kafaɗata. Na juya cikinta, sai ga layin ɗinki a jere, kowane ya fi na baya shigewa ciki. Na ciro wata, haka. Wata ma haka. Ashe duk sanda ta rame sai ta rage rigar, ta zauna mata ɗas, mu kuma muna yaba kyan ɗinki. Na zauna a bakin gado riƙe da rigar, ga tsoro ga haushi.

Da ƙyar na ja ta asibiti, tana ta mita wai ana jiran ɗinki. Ta nuna wa likita gwiwa, ni kuwa na tona maganar ramarta da yawan zuwa bayi. Da ya tambaye ta ko tana ganin jini a bayan gida, sai ta ce ai kwanan nan ne. Aka yi gwajin jini, aka zura 'yar kyamara aka duba hanji.

"Ba cuta biyu ba ce, ɗaya ce," in ji likita da muka koma. "Hanjinki ne yake kumburi, ya yi gyambo, kuma irin wannan kumburin yakan fito a gaɓoɓi. Ƙwayoyin nan da kike sha na iya ƙara tsananta shi. Da magani ana danne shi, amma in aka ƙara sakaci, sai an yanke wani sashe."

Na saki baki. Gwiwa da hanji, ina haɗinsu?

Ya ajiye hoton hanjin da aka ɗauka, ya dube ta. "Abin da na gani ba na kwanan nan ba ne. Don Allah, tun yaushe?"

Yaya ta sunkuyar da kai, tana murza bakin gyalenta.

"Tun ina ɗinkin kayan auren autarmu," ta ce a hankali.

Autar tamu kuwa, ɗanta na fari har ya shiga makaranta.