Ranar da Na Kai Inna Wurin Aikina

Duk daɗewar da na yi a Amurka, akwai ranar da har gobe ba za ta fita daga raina ba, wato ranar da Inna ta bi ni wurin aiki.

A lokacin ina aiki a wani tsohon gidan gona na masu hali da aka mayar gidan tarihi, kusa da garin Bowie inda muke zaune. Ni ke kula da zanen fuskokin mutanen gidan, in binciko ko su wane ne, in kuma tabbatar danshi bai lalata su ba. Inna ta zo mana ziyara daga Kano, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Auta, 'ya'yan mutane suna aikin asibiti, ke kina gadin matattun Turawa?" Nakan yi dariya, amma maganar tana ci mini rai.

Ranar da ta bi ni, muna shiga falon da aka rataye zane-zanen ta fara sharhi a kansu. Wani tsoho ta ce da gani marowaci ne. Wata kuma ta ce tela ne ya matse ta, shi ya sa ta haɗe rai. Shugabata, wata Baturiya, ta matsa sai na fassara. Da na fassara mata, ta yi dariya har da hawaye.

Sai muka iso kan zanen wata mata rungume da yarinya. Na gaya wa Inna abin da na daɗe ina bincike kafin na gano: yarinyar ta rasu kafin a yi zanen, uwar ce ta riƙa kwatanta wa mai zanen kamanninta. Sai Inna ta ce, "Ni ko hoton mahaifiyata ba ni da shi. Wani lokaci sai in nemi fuskarta a raina in rasa." Ta dafa kafaɗata. "Ki kula da su da kyau, kin ji?"

Da muka fito baranda, ta gyara ɗaurinta, ta zauna ta ɗora hannu a gwiwa irin na matan cikin zanen. "Ɗauke ni hoto. Kada ki bar shi a waya, a wanko shi a kafa a bango. Jikokina su san kakarsu kyakkyawa ce."

Tun ranar na daina yi wa kowa dogon bayani a kan aikina. Na koyi cewa wanda bai gane abin da kake yi ba, kada ka tsaya musu da shi. Kama hannunsa ka kai shi ya gani.