Dokar Shirun da Na Kafa a Gidana

A shekarun farko bayan samun ƴancin kai, ni ɗan kasuwa ne a Dakoro, ina sayen wake da hatsi ina kaiwa Maradi. Ga zafin rai, ga son a ce wane. A wata tafiya na sayo rediyo mai aiki da pil, wato batir, duk unguwarmu ni kaɗai ke da ita. Kullum bayan la'asar maƙwabta su cika zaurena don jin labaru, ni kuwa in harɗe kamar ni na tsara su.

Sai na kafa doka: muddin rediyo na magana, babu mai buɗe baki a gidana. Uwar ɗiyana ta yi ta mita, wai na fifita akwati a kan iyalina. Na ce mata ita me ta sani. Wata rana ɗiyata mai shekara tara ta katse mu da wata ƴar tambaya, na zane ta a gaban mutane. Kaito, wannan dukan ne ya ci ni.

Lokacin roron wake, uwarsu ta tafi bikin suna a Korahane, yarinyar da wanta mai shekara goma sha biyu suna gona. Kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ta sheƙo gida a guje, ta tarar ana labaru. Na gan ta sarai a bakin zaure tana haki, na ɗaga mata yatsa, ta haɗiye maganarta. Duk masu gemun da ke wurin, babu wanda ya ce a saurari yarinya! Sai da aka ƙare har da gaishe-gaishe na kashe rediyo, sannan ta faɗa. Kafin mu kai shi likita a bisa jaki, kumburi ya kai cinya. Washegari da hantsi ya cika.

Ajali gaskiya ne, ban musa ba, amma har yau haushin kaina nake ji. Yarinyar nan ta girma tana ganin ita ta kashe wanta. Na sha gaya mata laifina ne, sai dai ta sunkuyar da kai.

Ku masu shigo da kayan zamani gida, kada su sa ku rufe bakin ɗiyanku. In yaro ya tsaya maka yana haki, kashe ko mene ne ka tambaye shi. Ni ranar nan na ji abin da ake ciki a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ɗana kuwa yana kwance a gonata yana jirana.