Ɗaga Hannu a Shingen Mafoni

Malamin lissafin makarantarmu ya yi ritaya, amma bai daina zuwa ofishinmu na malamai shan shayi ba. A shekarun tashin hankali tare muke komawa unguwarmu Mafoni a ƙafa, kuma dole kowa ya ɗaga hannu biyu kafin ya wuce shingen sojoji.

Kullum sai ya raɗa mini: "Malam, alhakin yara ne. Horon ɗaga hannu da na yi ta yi musu ake rama musu."

Ni kuwa in yi ta danne dariya, ga bindiga.

Wata Laraba ya sha shayinmu, ya kushe shi kamar kullum. Kafin La'asar aka ce ya rasu. Ta shingen nan muka bi da makararsa, mu da ɗalibansa, hannuwanmu a sama. Shi kaɗai ya wuce bai ɗaga ba.